Warin Baragurbi a Gidan Ngadiran

Ranar Talata Warsiyem ta fara jin warin. Ta idar da sallar asuba ke nan, ta koma ɗaki za ta ɗauki mayafinta, sai ya daki hancinta: warin baragurbin ƙwai, ɗan kaɗan, kamar wani ya ratso ɗakin da shi ya wuce. Ta tsaya cak da mayafin a hannu.

A ƙauyensu babu wanda bai san wannan warin ba. Ramin dutse mai aman wuta da ke sama da gonakin dankali kullum cikin huci yake, in iska ta juyo takan kawo warin farar wuta har bakin masallaci, ba mai ko ɗaga kai. Amma jin sa a waje daban, jin sa a cikin ɗaki mai rufaffiyar taga daban. Tana da shekara tara lokacin da dutsen ya saki mugunyar iskarsa ta ƙarƙashin ƙasa. Mahaifinta ya sauka kwari da sassafe duba ruwan gona, bai dawo ba. Ƙanensa ya bi sawu, ya hango shi kwance, ya sauka ɗauko shi, shi ma bai hawo ba. Sai da rana ta take aka jawo su da ƙugiya a bakin gora, jikinsu babu ko ƙwarzane. Tun daga ranar duk yaron da aka haifa a ƙauyen da doka ɗaya yake tashi: in ka ga mutum kwance a kwari, ko wane ne shi a wurinka, kada ka sauka.

Ta leƙo waje. Mijinta Ngadiran na zaune a bakin ƙofa yana cusa ƙafa cikin takalmin robarsa. A garinsu Pak ake kiran magidanci, Bu kuma uwargida.

"Pak, ba ka jin wani wari?"

"Warin me?" Bai ko waiwayo ba.

"Farar wuta. A cikin ɗaki fa."

"Hancinki dai, Bu. Ke ko kashin kaji kika ji sai ki ce dutse ne."

Ya saɓa fatanyarsa ya fita, ya bar shinkafa da soyayyar awarar da ta ajiye masa ko taɓawa bai yi ba. Kwana huɗu ke nan yana haka, ga yawan zagayawa bayan gida. Da ta yi magana ya ce barkonon da take dakawa ne ya yi yawa. Ba ta ja ba, don hankalinta ba a kansa yake ba, yana kan ƙasan ɗakin.

Washegari warin ya dawo, ya fi na jiya. Da Ngadiran ya fita ta rufe ƙofa, ta kunna kyandir ta dasa shi a ƙasa, ta durƙusa tana kallon harshen wutar, domin an ce in iskar ta kwanta a wuri wuta ba ta rayuwa. Wutar ta ci abinta lafiya lau. Ta matsar da shi ƙarƙashin gado, ta kai shi kusurwa inda siminti ya tsage. Babu abin da ya canja. Duk da haka ba ta yarda ba. Ta kamo kazarta mai wake-wake ta kife ta da kwando a gindin gado, ta wuni tana leƙawa. Kaza ta wuni tana tsattsage gero, har ta yi ƙwai.

Ranar Alhamis ta farka da warin cike da bakinta, har tana jin ɗacinsa a maƙogwaro. Ko karyawa ba ta yi ba ta nufi gidan dagaci. Dagacin ya san tarihin gidansu, don haka bai yi mata dariya ba, ya buga waya ofishin masu lura da dutse. Kafin hantsi wani ma'aikaci mai suna Haryoko ya iso a kan babur da wata na'ura rawaya mai kama da rediyo. Maƙwabta suka cika ƙofar gida. Mbah Poniyem, tsohuwar da gidanta ke jingine da nasu, ta dogaro sandarta ta zo gaba-gaba.

Haryoko ya bi ɗaki ɗaki, ya sunkuya ya kai na'urar ƙasa, ya kai ta bakin rijiya, ya kai ta madafa. Na'ura ko tari ba ta yi ba.

"Babu komai, Bu," in ji shi.

"Wallahi na ji shi, Malam. Kwana uku."

"Ke 'yar nan," Mbah Poniyem ta ce, "duba ƙarƙashin katifa, ƙila kazarki ce ta ɓoye miki ƙwai tun bara."

Aka yi dariya. Warsiyem ta ji kunya ta rufe ta, amma kafin ta ce wani abu Haryoko ya ɗaga hannu.

"Kada ku yi mata dariya. Gara ta kira mu sau goma a banza. Satin nan dutsen ya ɗan motsa, mun gani a na'urorinmu, ba wani babba ba ne, amma ku guji kwaruruwa kafin rana ta ɗaga. In kin sake jin warin, Bu, ku fita waje tukuna, sannan a kira ni."

Dariyar ta ɗauke. Mutane suka watse shiru-shiru, kowa na satar kallon saman dutsen. Ngadiran kuwa duk wannan bidiri ba ya nan, yana gona. Da ya dawo da yamma ta ba shi labari, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Kin tara mana jama'a a banza." Ya ɗauki tabarma ya ce yau a falo zai kwana, ɗakin ya cika zafi. Zafi, a ƙauyen da mutane ke kwana da rigar sanyi biyu.

Ranar Juma'a ya fita tun hazo bai tashi ba. Ya ce zai je ya buɗe wa gonar ƙasa ruwa, ya dawo ya yi wankan masallaci. Ta tuna masa maganar Haryoko, ya ce minti nawa ne. Ta ga yadda yake tafiya yana dafa katanga, leɓɓansa sun bushe sun yi fari, ta ce a ranta in ya dawo ko yana so ko ba ya so sai ya sha kunun shinkafa.

Hantsi ya yi bai dawo ba. Ta zuba kunun a kwano ta ɗaure da ƙyalle, ta biya ta kira maƙwabciyarta Sumirah wadda gonarsu ke hanya ɗaya. Suka bi gonakin hawa-hawa suna gangarawa, ta cikin kabeji da lawashi, har suka kai gaɓar da ke kallon kwari. Gonar ƙasa tana can gindi, kusa da rafi, inda hazo yake daɗewa bai watse ba.

Fatanyar ta fara gani, a yashe. Sannan ta ga takalmin roba. Sannan shi, kwance rub da ciki tsakanin kunya biyu, hannu ɗaya a ƙarƙashinsa.

Kwanon ya suɓuce mata. Ba ta san ta yi ihu ba, ba ta san ta zabura ba, sai ji ta yi Sumirah ta rungume ta ta baya sun zube tare a cikin kabeji.

"Sake ni! Sumirah sake ni!"

"Ba zan sake ki ba! Yaya, don Allah, kin fi kowa sani! Jama'a! Ku kawo ɗauki!"

Manoman da ke gonakin sama suka sheƙo. Wani ya juya da gudu zuwa gari, ba a jima ba aka ji ana dukan gungumen da ke rataye a bakin masallaci, bugu ba ƙaƙƙautawa, irin wanda ba a yi sai ta ɓaci. Maza suka jeru a kan gaɓa, sun toshe hanci da hulunansu, ba wanda ya ƙara taku ɗaya. Dagaci ya iso yana haki da waya a kunne.

"Haryoko yana wancan gefen dutsen. Ya ce awa ɗaya. Ya ce kada kowa ya sauka."

"Awa ɗaya?" Warsiyem ta ce wa dagacin. "Pak Lurah, awa ɗaya?"

Ta dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, mutanen da Ngadiran ya yi musu gayya, ya ɗauki gawar iyayensu, kowa ya kawar da ido. Ba ta ga laifinsu ba, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Tana durƙushe tana kallon bayan rigarsa, tana ƙoƙarin gane ko yana ɗagawa, amma hazon da hawayen suka hana ta.

Wani ya kawo shawarar a gwada da wuta. Aka ɗaure tsumma a bakin gora aka jiƙa da kananzir, aka miƙa, goran bai kai ko rabin gangaren ba. Sai aka kamo kaza daga bukkar gona mafi kusa, aka saka ta a kwando, aka ɗaura igiyar ɗaure buhuna aka zurara ta a hankali. Kwandon ya yi ta tuntuɓe da kunyoyi har ya tsaya kamar taku biyar daga ƙafar Ngadiran. Aka yi tsit. Kazar ta yi shiru. Can sai kazar ta ɓarke da kyarkyara, tana dukan kwando da fiffike.

"Tana da rai!"

"Ku dakata," wani dattijo ya ce. "Kwandon a kan kunya ya tsaya. Iskar a cikin kwarin kunya take kwanciya, inda fuskarsa take."

A daidai lokacin ƙafar Ngadiran ta motsa. Ya ja gwiwarsa sama kaɗan, ya sake ta.

Warsiyem ta miƙe. Muryarta ta fito a daskare, har ita kanta ba ta gane ta ba. "Babana bai motsa ba. Wanda iskar nan ta kayar ba ya kai wannan lokacin yana motsi. Ku ɗaura min igiya."

"Bu Warsiyem," dagaci ya fara, "Haryoko ya ce..."

"Ku ɗaura min, ko in sauka haka."

Suka ɗaura mata a ƙugu, maza huɗu suka riƙe. Sumirah ta jiƙa mayafi ta naɗe mata hanci da baki tana kuka. Dagaci ya ce in suka ga ta yi tangaɗi ko sau ɗaya za su fizgo ta, ko ta kai gare shi ko ba ta kai ba.

Ta fara sauka da baya, tana dafa ƙasa. Kowane hawa ta sauka sai ta ɗan shaƙi iska ta cikin mayafin ta jira jiri. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa kawai take ji da na taki. Ta wuce kwandon kazar. Ta durƙusa a gefensa, ta kama kafaɗarsa ta birkito shi.

Idanunsa a buɗe suke rabi. Yana numfashi da ƙarfi, mai zurfi, da sauri-sauri, kamar wanda ya hawo dutse da buhu a ka. Gefen fuskarsa duk amai. Ta sunkuya ta kira shi, "Pak! Pak!" sai warin ya buge ta gaba ɗaya, mai kauri, ya ratsa mayafin kamar babu shi.

Shi ke nan, ta ce a ranta. Ta runtse ido, ta ƙanƙame rigarsa, ta yi kalmar shahada. Ta jira ƙasa ta juya da ita. Ta jira igiyar ta fizge ta. Tana jin bugun zuciyarta a cikin kunnuwa, tana jin kazar na ta surutu a bayanta. Jiri bai zo ba.

Ta buɗe ido. Ƙirjin Ngadiran ya ɗaga, maƙogwaronsa ya motsa, ya yi wata doguwar gyatsa, warin ya sake fitowa. Daga bakinsa. Ta janye mayafin ta kai hancinta ƙasa, cikin kwarin kunya, ta shaƙa. Ƙasa ce kawai. Ta dawo kan fuskarsa, ga shi nan.

"Aljihu," ya ce da ƙyar. "Bu... aljihuna."

Ta zura hannu ta zaro katin magani guda uku ɗaure da roba, biyu babu komai a ciki, da wata 'yar takardar asibiti da ta sha ninki.

"Ba dutse ba ne!" ta ɗaga kai ta ƙwala musu. "Ku sauko! Ba dutse ba ne, ciwo ne!"

Sai da ta miƙe tsaye ta yi taku uku suka gani da idonsu, sannan suka gangaro. Aka zura gora cikin zannuwa biyu aka ɗora shi, aka hawo da shi zuwa hanya, aka sauke buhunan dankali daga wata akori-kura aka shimfiɗa shi. A ƙaramin asibitin gari ma'aikaciyar jinya ta karɓi katin ta duba takardar, ta dubi Warsiyem.

"Maganin suga ne. Wata guda ke nan da muka ba shi. Ba ki sani ba, Bu?"

Warsiyem ta girgiza kai kawai.

Ma'aikaciyar ta ƙirga ramukan katin da yatsa, fuskarta ta canja. Ta ɗaura masa ƙarin ruwa, ta ce wannan ya fi ƙarfinsu, a wuce da shi babban asibiti yanzu-yanzu. Awa ɗaya da rabi motar asibitin tana gangara kwana-kwanan dutse, Warsiyem na riƙe da kansa a cinyarta. Sau biyu numfashin ya yi kamar zai tsaya, sau biyu ta girgiza shi tana kiran sunansa na yanka, abin da ba ta yi ba tun suna amare.

Likitar da ta karɓe su, Dokta Anindita, matashiya ce, a haife Warsiyem ta haife ta. Bayan an ɗebi jini an shige da shi, ta fito ta zaunar da Warsiyem a kan benci.

"Bu, an rubuta masa ƙwaya ɗaya sau biyu a rana, bayan ya ci abinci. Shi kuwa ya ce mana uku-uku yake sha, kuma cikinsa babu komai."

"Warin fa, Dokta? Irin na dutse ne sak. Ko ya shaƙe ta ne ta zauna masa a ciki?"

"A'a. Iskar mai warin baragurbi iri ɗaya ce da wadda kike ji a dutse, amma tasa a cikinsa aka yi ta. Jikin kowa yana yin ta ɗan kaɗan, ni da ke ma, yawanci a hanji. Maganin nan, metformin, yana taɓa hanji, shi ya sa wasu in sun fara shi sukan yi irin wannan gyatsar, da gudawa. Masu bincike ma sun ga yana ƙara yawan iskar a jikin ɓeraye, na mutum kuwa ana kan dubawa. Amma ba ita ta kayar da shi ba. Da ya faɗi maganar gyatsar a asibiti, da an gyara masa shan maganin tun tuni."

"To me ya kayar da shi?"

"Kwana da kwanaki yana gudawa da amai, ruwan jikinsa ya ƙare, ƙodarsa ta gaza fitar da maganin, shi kuma yana ta ƙarawa. Ya taru, jininsa ya yi tsami. Maganin ba mugu ba ne, Bu, mutane da yawa shi ke riƙe da su. Yawan ne, da rashin ruwa. Ba zan ɓoye miki ba. Muna ba shi ruwa, muna jiran ƙodar ta farka. In fitsari bai zo ba, sai mun kai shi wankin ƙoda."

Aka bar ta ta shiga. An rataye wata jakar roba a gefen gadon, da siririn bututu. Ta jawo kujera ta zauna a gabanta. Ba ta taɓa zaton akwai ranar da za ta zuba wa jakar fitsari ido tana addu'a ba. Aka kira la'asar, jakar a bushe. Ta yi salla a gefen gadon ta dawo, a bushe. Duk wanda ya shigo da farar riga sai ta ɗauka gadon aka zo turawa zuwa wankin ƙoda. Gab da magariba ta ga wani ɗigo mai duhu ya gangaro cikin bututun, ya tsaya, wani ya biyo shi. Ta fita baranda da gudu ba takalmi, ta kamo hannun ma'aikaciyar jinya.

Sai ranar Lahadi ya iya magana sosai. Ita ce ta fara.

"Ka san daga bakinka yake."

Ya juya fuska bango. "Na sani."

"Ka bar ni ina rarrafe da kyandir. Ka bar ni na kira dagaci, na kira mutumin dutse, Mbah Poniyem ta mai da ni abin dariya."

"Kunya ce, Bu. Da abin ya kai ga dagaci kuma sai na rasa ta inda zan fara."

"Ciwon fa? Shi ma kunya ce?"

Ya juyo ya dube ta. Sannan ya turo ƙafarsa ta dama daga cikin bargo. A gefen babban yatsan akwai wani ɗan rauni da aka rufe da auduga.

"Fatanya ce ta same ni, sati uku ya ƙi warkewa. Kin tuna Kang Paiman, da haka nasa ya fara."

Ta tuna. Yayansa ne, an yanke masa ƙafa daga gwiwa, bai shekara ba ya rasu.

"Na ce in na ƙara maganin sugan zai sauka da wuri, ya warke, ba sai kin ji ba. Ke da ko ƙarar babbar mota kika ji sai ki fita tsakar gida."

Ta so ta zage shi, ta tanadi maganganu tun a cikin mota. Maimakon haka sai ta ja bargon ta rufe masa ƙafar, ta zauna tana kuka mara sauti, shi ma yana yi, mai gadon kusa da su ya juya musu baya don ya ba su wuri.

Kwanansu tara a asibiti. Likita ta ce raunin bai ci ciki ba, zai warke in an kula. Ƙwayar kuwa an dakatar da ita sai ƙodar ta gama dawowa, kafin nan allura zai riƙa yi a fatar ciki. Ngadiran ya ce shi ba zai iya soka wa kansa ƙarfe ba, don haka ranar sallama ma'aikaciyar jinya ta kawo lemo ɗaya ta koya wa Warsiyem a jikinsa. Ta soki lemon sau shida har hannunta ya saba. Sannan aka ce ta yi na gaske.

Ya ɗage riga, ya kawar da kai, ya runtse ido.

"A hankali, Bu."

"Rufe min baki," ta ce. Ta tattaro fatar da yatsu biyu kamar yadda aka nuna mata, ta yi bisimilla, ta soka.